Shuɗiyar takarda a gilashin gidan abincin da ke ƙasanki

Wata 'yar'uwa da ke zaune a wani gari kusa da Manchester ta aiko da tambaya. Suna haya a saman wani layin shaguna, ita da maigidanta da yara uku. Gidan abincin da ke ƙasansu yana rufewa da ƙarfe 11 na dare, to makon jiya sai ta ga an manna shuɗiyar takarda a gilashinsa: suna neman izinin sayar da giya da sa kiɗan DJ har ƙarfe 3 na dare, ranakun Juma'a da Asabar. Ta ce ko a yanzu suna jin kiɗan daga ɗakin yara, ita kuma aikin asuba take yi a gidan kula da tsofaffi. Ta fara tara sa hannun mutane a masallaci, tana so ta san ko wannan zai isa a hana.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo sauƙi. Na yi shekaru ina aiki a sashen lafiyar muhalli na wata ƙaramar hukuma a arewacin Ingila, kuma yawancin aikina na dare ne, shiga ɗakunan kwanan mutane da na'urar awon ƙara. Na san irin gajiyar da kike magana a kai. Sa hannun masallaci shi kaɗai ba zai isa ba, amma kina da ƙarfin da ya fi shi nesa ba kusa ba, in dai kin yi amfani da shi a kan lokaci.

Yau ɗin nan, kafin komai, ki sauka ki ɗauki hoton takardar nan da wayarki. A jikinta akwai ranar ƙarshe ta karɓar ƙorafi. Kwana 28 doka ta bayar, ana ƙirgawa daga washegarin ranar da suka miƙa takardun neman, har da Asabar da Lahadi. In ranar ta wuce, ko da jami'in lasisi na kansul, wato ƙaramar hukuma, yana tausayinki ba shi da ikon karɓar wasiƙarki. Abin da ya fi wannan ciwo kuma, in babu wanda ya rubuto ƙorafi karɓaɓɓe, ko ke, ko maƙwabci, ko 'yan sanda, ko sashenmu, to dole kansul ta ba da abin da aka nema. Ba zaman kwamitin kansiloli masu duba lasisi, ba muhawara. Na sha ganin mutane sun zo wata biyu bayan an fara kiɗa, idanu jajur don rashin barci, suna tambayar yadda aka yi kansul ta amince da wannan abu. Amsar ita ce babu wanda ya ce uffan a cikin kwanakin nan 28, sai doka ta ɗaure hannun kansul. Launin takardar ma yana da ma'ana. Shuɗiya tana nufin babban canji ne, mai kai wa ga zaman kwamiti. Da fara ce, da ƙaramin gyara ne mai wa'adin kwanakin aiki 10 wanda jami'i ke yankewa shi kaɗai, kuma ba a ƙara lokacin sayar da giya tsakanin 11 na dare da 7 na safe ta wannan ƙaramar hanyar.

Dokar da ke mulkin wannan harka a Ingila da Wales ita ce Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba 2005. Kafin nan alƙalan majistare ne ke ba da lasisin giya, sai ta karɓe daga hannunsu ta damƙa wa ƙananan hukumomi. Amma ba ta sakar wa kansiloli mara su yi yadda suka ga dama ba. Ta kafa musu manufofi huɗu, ta ce a kansu kaɗai za su yanke hukunci: hana aikata laifi da tashin hankali, kare mutanen da ke wurin daga haɗari, hana takura wa jama'a, da kare yara daga cutarwa. Duk maganar da ba ta shiga ɗaya daga cikin ƙofofin nan huɗu ba, a waje za ta tsaya komai gaskiyarta.

A nan ne nake so ki saurare ni da kyau, domin a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Ni ma Musulmi ne, na san abin da ke tashi a zuciya in an ce za a kwana ana shan giya a ƙarƙashin ɗakin da 'ya'yanki ke karatun Alƙur'ani. To amma in kin rubuta cewa giya haramun ce, ko unguwar ta Musulmi ce, ko wurin zai lalata tarbiyya, lauyan kansul zai gaya wa kansilolin kada su duba wannan sashe, kuma bisa doka daidai ya faɗa. Haka in kin ce darajar gidaje za ta faɗi, ko mashayun da ke layin sun wadatar babu buƙatar ƙari. Dokar ba ta auna buƙata, ta bar wa kasuwa wannan. Ba cewa nake ki jefar da aƙidarki ba. Cewa nake ki shiga da damuwarki ta ƙofar da aka buɗe. Yaro ɗan shekara bakwai da ihun mashayi ya tashe shi ƙarfe 2 na dare, ya ji zagin batsa ta taga, ya tafi makaranta yana gyangyaɗi, wannan magana ce ta takura wa jama'a, kuma ta kare yara. Dattijon da ya fita sallar asuba ya taka fasassun kwalabe da amai a bakin ƙofa, wannan ma ta shiga. Damuwar ɗaya ce, yadda aka faɗe ta ne zai sa a ji ko a ƙi.

Akwai wuri guda da yawan mashaya ke zama hujja. Doka ta ba kansul dama, in tana da shaida, ta ayyana cewa wata unguwa ta cika maƙil har tarin wuraren shi kansa ya zama matsala. A irin wannan unguwa mai nema shi zai sha wahalar nuna cewa ba zai ƙara wa matsalar nauyi ba. Kansul ɗin Westminster ta daɗe da yin haka a yankin West End na Landan, ta Hackney kuma, ita ma a Landan, a 2018 ta tsayar da cewa sababbin wurare su rufe 11 na dare a ranakun aiki, 12 a ƙarshen mako, sai wanda ya kawo dalili mai ƙarfi. Kowace kansul tana da kundin manufofinta na lasisi da take sabuntawa duk shekara biyar, yana nan a shafinta na intanet. Ki buɗe na garinku ki nemi sunan layinku da lokutan rufewar da suka fi so. Wasiƙar da ta ambaci sakin layi daga kundin kansul ɗin kanta, kansila ba ya iya kawar da kai daga gare ta.

Batun sa hannu. Kada ki yar da shi, ki haɗa da wasiƙarki, amma ki san nauyinsa. Takarda mai sunaye ɗari biyu, rabinsu daga unguwannin da ko da ganga aka buga ba za su ji ba, kwamiti yakan ɗauke ta kusan kamar ƙorafi guda. Tun 2012 an cire sharaɗin cewa sai maƙwabcin wuri ne zai yi ƙorafi, kowa na iya rubutowa, sai dai kunnen kwamiti yana ga wanda abin zai taɓa. Wasiƙu shida daga gidaje shida na layinku, kowa da kalmominsa da abin da ya gani da idonsa, sun fi waccan takarda. Kuma ki ƙwanƙwasa ƙofar kowa, Bature da Ba'indiye da ɗan Poland, domin rashin barci bai san addini ba. Wannan yana da amfani ta fuskar doka ma: abin da ake nema shi ne takura wa jama'a, saboda haka gida ɗaya shi kaɗai yana iya zama kamar rigimar mutum biyu, gida biyar kuwa jama'a ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa. A 2008 babbar kotu ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin giya na Daniel Thwaites da kotun majistare ta Wirral, ta soke taƙaita lokacin da aka yi wa wata mashaya domin an gina shi a kan fargabar abin da zai iya faruwa, ba a kan shaida ba. Tun daga nan lauyoyin masu mashaya ba su da waƙar da ta wuce wannan: zato ne kawai. Ke kuwa kin yi sa'a ta wani gefen, tunda kin ce ko yanzu kuna jin kiɗan. Ki sayi ɗan littafi ki ajiye a gefen gado daga daren yau. Ki rubuta rana, lokacin da ƙarar ta fara da lokacin da ta tsaya, irinta, ɗakin da kike, taga a rufe ko a buɗe, da abin da ta hana ki yi. Daren da aka yi shiru ma ki rubuta an yi shiru, shi ne zai sa a yarda da sauran. Kada ki ƙara gishiri ko kaɗan, domin faɗin ƙarya da gangan a irin wannan wasiƙa laifi ne a dokar, kuma ƙari guda ɗaya in an kama shi yana rushe gaskiya goma.

Ba na manta wata tsohuwa a wani zaman kwamiti. Lauyan mai nema ya gama jawabinsa mai santsi, da rahoton masanin sauti mai kauri a gabansa. Ita kuwa ta ciro ɗan littafin aljihu da bangonsa ya naɗe, hannunta na rawa, ta fara karantawa: Asabar, ƙarfe 12 da minti 40, an juye kwalabe a kwandon ƙarfe ƙarƙashin tagata, na farka, ban koma barci ba sai bayan 3. Ta karanta shafi huɗu a haka, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba. Na ga shugaban kwamitin ya ajiye rahoton ya ɗauki biro. Sharaɗin hana juye kwalabe da dare daga bakinta ya fito.

Tunda a saman wurin kuke, bari in tsaya a kan kiɗan, don shi ne babban abokin gabarki. Sautin mutane da na waƙa iska ke ɗaukarsa, taga mai gilashi biyu tana rage shi sosai. Amma dum-dum ɗin nan mai kauri na kiɗan DJ ta cikin ginin kansa yake bi, daga sifika zuwa bango, daga bango zuwa katakon daɓe, daga nan zuwa ƙafar gado. Rufe taga ba ya maganinsa, toshe kunne ma ba ya yi, don a ƙirji ake jinsa. Na taɓa tsayawa a ɗakin wasu yara da ƙarfe 1 na dare, a saman wani wuri irin naku. Lambar da na'urata ta nuna ba ta kai ta tayar da hankali ba, domin awon da aka saba yi an tsara shi ne ya rage nauyin sauti mai kauri. Amma kofin ruwan da ke kan teburin gefen gado, ruwan cikinsa yana ta yin zobe-zobe daidai da bugun kiɗan, ƙaramin yaron kuma yana zaune a tsakiyar katifa ya rungume filo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30 (ma'aunin ƙarfin sauti) a matsakaici, kuma ƙarin desibel 10 kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar. To amma a harkar dum-dum wannan lambar guda tana yaudara. In mai nema ya kawo rahoton sauti, ki tambaya a fili: an auna sauti mai kauri daban, kuma an shiga gidana an auna? Sau da yawa za ki tarar a bakin titi aka tsaya. Ginin da aka yi don shago da gidan abinci ba a yi rufinsa don gidan rawa ba.

Ki kira sashen lafiyar muhalli na kansul ɗinku a wannan makon, ki shigar da ƙorafin ƙarar da ake yi yanzu, ki karɓi lambar ƙorafi. Su ma doka ta sa a aika musu kwafin takardun neman, suna da ikon yin nasu ƙorafin, kuma maganarsu tana da nauyi a gaban kwamiti. Sai dai jami'in da ya duba kwamfuta ya ga ba a taɓa kawo ƙara a kan wurin ba, zai iya wucewa bai ce komai ba. Kiranki ne zai sa ya tsaya. Ki kuma tambayi sashen tsara gine-gine ko izinin ginin ya ƙayyade lokacin rufewa. Hanya biyu ce daban, kuma in izinin gini ya ce 11, lasisin ƙarfe 3 ba ya goge shi.

Yanzu abin da za ki nema. Ki faɗi a wasiƙarki cewa kina so a ƙi ƙarin lokacin, ki kawo dalilanki. Amma kada ki tsaya nan, domin a abin da na gani kwamiti ya fi yawan bayarwa da sharuɗɗa a kan ƙi gaba ɗaya, kuma wanda ya zo da "a'a" kaɗai yakan fita hannu rabbana. Ki ƙara cewa in har za a bayar, ga abin da zai sa ku iya rayuwa. A sa na'urar da ke ƙayyade ƙarar sifika, jami'in kansul ya saita ta yana tsaye a ɗakin yaranki, a kulle ta, kuma duk DJ da ya zo ta cikinta zai bi. A raba sifikoki da bango da rufi. A rufe ƙofofi da tagogi in ana kiɗa, a yi ƙofa biyu a mashiga yadda ɗaya za ta rufe kafin ɗaya ta buɗe. Kada a juye kwalabe a waje daga 11 na dare zuwa safiya. A daina shigar da sababbin mutane daga wani lokaci. A ba maƙwabta lambar wayar manajan da ke bakin aiki. Sai masu shan taba: tun 1 ga Yuli 2007 da aka hana shan taba a cikin gine-ginen da jama'a ke shiga a Ingila, rabin hayaniyar mashaya ta koma bakin ƙofa, wato ƙarƙashin tagarki. Ki nemi a ƙayyade yawansu a lokaci guda, a hana su fita da kofi a hannu, a sa mai gadi ya kula. Irin wannan sharaɗi ya sha gwaji a kotu. A shari'ar kamfanin Hope and Glory, Westminster ta hana mashayarsa da ke unguwar Soho a Landan barin mutane su fita da abin sha bayan ƙarfe 6 na yamma saboda hayaniya, masu wurin suka yi ta ɗaukaka ƙara har kotun ɗaukaka ƙara a 2011, ba su yi nasara ba. Kowane sharaɗi ya zama mai lokaci da adadi, wanda jami'i zai iya zuwa ya ce an karya ko ba a karya ba. "Za mu yi ƙoƙarin rage ƙara" ba sharaɗi ba ne.

Mai wurin zai iya nemanki ku sasanta, kuma ina ba ki shawara ki saurare shi. Maƙwabcinki ne, shi ma haya yake biya da albashin ma'aikata, kuma da yawansu ba su taɓa hawa sama sun ji abin da ake ji ba. Ki gayyace shi ya hau ɗakin yaran ana cikin kiɗa. Amma kada ki janye ƙorafinki a kan alkawarin baki. Sai an rubuta abin da kuka amince a kai, an aika wa jami'in lasisi ya tabbatar zai shiga cikin lasisin. Lasisi yana bin wurin ne, gobe ana iya mayar da shi sunan wani da bai san ki ba, abin da ke rubuce kaɗai zai gada.

In ba a sasanta ba, za a kira zama cikin kwanakin aiki 20 bayan rufe karɓar ƙorafi. Kansiloli uku ne ke zama. Za a ba ki lokacin magana daidai da na mai nema, sau da yawa mintoci kaɗan ne, kuma za ki faɗaɗa abin da kika rubuta ne, sabuwar shaida a ranar sai da yardar ɗaya ɓangaren. Shi ya sa komai ya shiga wasiƙar tun farko. Kina iya zuwa da wanda zai yi magana a madadinki, ko ki roƙi kansilan mazaɓarku. Ki kuma sani ana ba mai nema kwafin wasiƙarki da sunanki. In kina da dalilin jin tsoron barazana, ki gaya wa jami'in lasisi tun kafin ki aika, akwai hanyar sakaya bayananki. Wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba, ke ko shi, yana da kwana 21 ya kai ƙara kotun majistare, sai dai can akwai haɗarin biyan kuɗin shari'a, a yi shawara da lauya tukuna.

Ko an ba su, ƙofa ba ta rufe ba. Kowane mutum yana iya neman a sake duba lasisin wuri, kyauta, in yana da shaida, kuma kwamiti na iya rage lokaci, cire kiɗa, dakatar da lasisi har wata uku, ko soke shi. Karya sharaɗin lasisi laifi ne mai tara ko ɗaurin da ya kai wata shida. Ban da wannan akwai Dokar Kare Muhalli ta 1990: in jami'i ya gamsu ƙarar ta kai takura a idon doka, wajibi ne kansul ta ba wurin takardar umarnin dainawa, in kuma kansul ta yi sanyin jiki, sashe na 82 ya ba ki damar zuwa kotun majistare da kanki bayan kin ba mai wurin sanarwar kwana 3 a rubuce. Abu biyu ne za su iya ba ki mamaki, gara ki sani tun yanzu. Wurin da ke da lasisin giya yana iya sa kiɗa daga 8 na safe zuwa 11 na dare ga mutanen da ba su wuce 500 ba ba tare da sharuɗɗan kiɗa sun hau kansa ba, sai in an dawo da su ta hanyar sake duba lasisi. Sannan akwai sanarwar biki na wucin gadi, mai ba wuri damar wuce lokacin lasisinsa na ɗan lokaci, har sau 15 a shekara ga wuri ɗaya, wadda maƙwabta ba su da bakin magana a kanta, sai 'yan sanda da sashen lafiyar muhalli. Littafin gefen gadonki shi zai ba su abin riƙewa su ƙi.

Wataƙila a wurin zaman a kawo miki labarin Night & Day Café na titin Oldham a Manchester, tunda kusa da ku ne. Wurin kiɗa ne tun 1991, daga baya aka mai da ginin da ke manne da shi gidajen kwana. A Nuwamba 2021 kansul ta ba shi takardar umarni bayan ƙorafin wani maƙwabci da ya tare lokacin kullen korona, gari ya ɗauka, aka yi ta shari'a har Maris 2024, inda kotu ta bar umarnin amma ta gyara shi yadda wurin zai ci gaba da aiki da iyaka a kan ƙarar dare. Ina tausayin ɓangarorin biyu a wannan rigima, domin asalin laifin yana ga ginin da aka bari mutane su kwana a jikin bangon gidan kiɗa. Saboda irin wannan ne tun 2018 tsarin gine-gine na Ingila ya ce wanda ya kawo canji shi zai ɗauki nauyin toshe ƙara. In an jefo miki wannan labari don a nuna ki a matsayin mai kashe wa mutane kasuwa, ki amsa cikin natsuwa cewa a layinku ku aka tarar, gidan abinci ne ke son zama gidan rawa, shi ne mai kawo canjin.

Ki sanar da mai gidan da kuke haya a rubuce, domin shi ma yana iya aika nasa ƙorafin, kuma in shi ne mai shagon na ƙasa, yarjejeniyar hayar shagon tana iya ƙunsar lokacin rufewa. Wasiƙarki ta tafi ta imel aƙalla kwana uku kafin ranar ƙarshe, da sunan wurin da adireshinsa a sama, ki nemi a amsa miki cewa ta iso kuma an karɓe ta. In kun yi waya da jami'in lafiyar muhalli, ki roƙe shi ya zo daren Juma'a ko Asabar wajen ƙarfe 10 da rabi, lokacin da kiɗan ya fi ƙarfi, ki kai shi ɗakin yaran kai tsaye, ki kashe talabijin da fanka, ki bar shi ya zauna a bakin gadon na minti goma.